Bistra Doguwa da Tattasan Lipovo

Yau a Lipovo duk tsohon da ka tare zai ce maka shi ne ya fara gane Bistra Paskaleva za ta zama wani abu. Ƙarya suke shararawa. Lokacin da take yarinya babu abin da kowa ya gane game da ita sai cewa tana cin yadi. Uwarta Ginka, mai aiki a masana'antar gwangwani, takan ɗinka mata siket a farkon sanyi, kafin ƙanƙara ta narke gwiwoyi sun leƙo waje. Ubanta Bay Paskal, wato Malam Paskal a harshen garin, mai tsaron mararrabar jirgin ƙasa, gajere ne kamar tulu, Ginka ma ba ta ɗara shi da komai ba, don haka matan unguwa suka samu abin taunawa na shekara da shekaru. Sai da aka tono wani tsohon hoton kakan Paskal tsaye kusa da dokinsa, dokin ya koma kamar jaki, sannan bakuna suka yi sanyi. Wasu ma ba su ji daɗin fitowar hoton ba.

Amfanin da gari ya samu da tsawonta bai wuce tsinko inabi daga rumfa babu tsani ba, da share yana a kusurwoyin coci ana gobe Ista. Ita kuwa tafiya take a duƙe kamar mai neman allurar da ta faɗi, sanye da takalman maza da aka aro wurin wani ɗan uwan ubanta.

Tana shekara goma sha uku wani mutum ya sauko daga jirgin Plovdiv da tef ɗin tela a aljihu. Kwamared Manolov sunansa, aikinsa bin makarantu yana auna 'ya'yan mutane kamar mai sayen shanu. Ya auna Bistra a tsaye, ya sa ta ware hannuwa ya auna, ya duba tafin ƙafarta, sannan ya jefa mata ƙwallo. Ƙwallon ya same ta a hanci. Ya ce ba komai, cafewa ana koya wa mutum, tsawo ne ba a koyarwa. Da yamma ya zo gida yana ta bayani kan makarantar wasanni da ƙwallon kwando da martabar ƙasa. Ginka ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi ko za su ciyar da ita. Ya ce nama kullum, da takalmi daidai ƙafarta. Takalmin nan ne ya raba gardama. Kafin wata ya ƙare Bistra tana cikin jirgi, da akwatin kwali da cuku ƙunshe a tsumma.

Shekarar farko kuka ne da ciwon ƙafa. Amma a can ta fara ganin 'yan matan da sai ta ɗaga kai kafin ta kalli idonsu, a can kuma bayanta ya miƙe, bai sake lanƙwasa ba. Gaskiyar magana, ba ta taɓa zama gwanar jifa ba. Ko a ganiyarta, in ta tsaya za ta jefa ƙwallo daga nesa, masoyanta kan kau da kai. Abin da ta iya shi ne ƙarƙashin kwando. Duk ƙwallon da ya bugi ƙarfe ya dawo nata ne, wadda ta zo jayayya kuwa za ta koma gida da shaidar gwiwar hannu a haƙarƙari. Da wannan ta ci abinci shekaru masu yawa, a Plovdiv, sannan a Sofia, har aka saka mata rigar ƙasa.

Ranar da za a nuna ta a talabijin da rigar, masana'antar gwangwani ta tashi da wuri. Rabin gari ya cunkushe a zauren taro gaban akwati ɗaya, Bay Paskal a kujerar gaba da kwat ɗin aurensa. Aka jero 'yan wasa, mai sharhi yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kanta ya ce, "Bistra Paskaleva, 'yar Plovdiv." Yarinyar da muka goya, muka sha dungurin ƙafarta, wai 'yar Plovdiv. Ƙasarmu ce ta ci wasan, amma mutane suka watse kamar daga jana'iza.

Da ta zo hutu, mahauci ya tare ta a bakin shagonsa ya yi wa baƙuwar Plovdiv barka da zuwa, da fatan ba ta ɓata hanya ba. Ta yi dariya tare da kowa, amma maganar ta zauna mata. Ta tuna rigunan da ta sa a rayuwarta, na makarantar wasu, na masana'antar wasu, babu ko ɗaya da aka rubuta Lipovo a ƙirji. Ta gaya wa uwarta cewa ba za ta mutu ba sai ta ga 'yan mata sun shiga fili da sunan garin nan a rigarsu. Ginka ta ce to madalla, amma ta fara nemo miji tukuna.

Mijin ashe yana gefenta tun tuni. Dancho ne, direban bas ɗin ƙungiya. Kujerar kusa da direba ce kaɗai ke ɗaukar ƙafafunta, don haka ta zagaye ƙasar nan kaf tana sauraron labarin kifayen da ya kusa kamawa. Kansa daidai hammatarta yake. Ranar biki, da aka kama hannu ana rawar zagaye, akwai masu rantsuwa cewa sun ga ƙafafunsa suna barin ƙasa. Ɗa ɗaya suka haifa, ya ɗauko tsawon ubansa da bakin uwarsa, yanzu yana can yana cire wa Jamusawa haƙora.

Gwiwarta ta dama ta ajiye aiki tana dab da shekara talatin. Ta koma mataimakiyar koci, wato mai ɗaukar buhun ƙwallaye tana bin mazan da ke ihu, daga baya aka ba ta ƙananan 'yan mata nata na kanta. Usur bai taɓa daɗewa a wuyanta ba, ɓatar da shi take yi, sai ta koyi fito da yatsu biyu, fiton da ke tsayar da kare a tsallaken titi.

Sai canji ya zo, tsohuwar gwamnati ta faɗi. Masana'antar gwangwani ta rufe, jirgi ya daina tsayawa. Duk mai ƙarfi a jika ya kama hanya, maza tsinkar lemo a Sifaniya, mata jinyar tsofaffin Italiya. Lipovo ya zama garin kakanni da jikoki. Paskal da Ginka suka rasu ɗaya na bin ɗaya, gida ya zauna a rufe. Da Bistra ta haura arba'in da biyar, ita da Dancho suka loda kayansu a tsohuwar motarsa suka dawo.

Bayan makaranta akwai ɗakin wasa da aka gina tun zamanin da, rufi yana yoyo, tattabaru sun mai da shi nasu. Amma da ta kankare kashin tsuntsu da bakin takalmi, sai ga daɓen katako na gaske a ƙasa, irin wanda ƙwallo ke dawowa hannu da kansa. Bazara guda ita da Dancho suka yi a durƙushe, ita da gwiwa ɗaya da rabi, suna goge shi tsagi-tsagi, suka shafa masa mai har mutum na ganin fuskarsa. Daga ranar babu mai taka shi da takalmin waje. Magajin gari kansa, Bay Trifon, sai da ya tuɓe nasa a ƙofa, gari ya samu labarin cewa safarsa a huje take.

Ba yabo ne ya kawo Bay Trifon ba. Wani ɗan kasuwa daga birni yana son ɗakin don ajiye tayoyin mota, majalisar gari kuma ta fara haɗiyar yawu. Iyakar abin da ya iya ƙwato mata shi ne, in ƙungiyar Lipovo ta buga wasan gasa na gaske a ɗakin ranar Asabar ɗin farko ta Oktoba, ranar da ake buɗe gasar 'yan mata, ɗaki ya zauna na wasa. In ba a buga ba, ko don me, mabuɗi ya tafi hannun mai taya.

Bistra ta bi tashar bas, ƙofar coci, layin burodi, duk yarinyar da ta ɗara sa'anninta da ɗan yatsa sai ta tsayar da ita. Ta tara goma. Biyu ne kawai dogaye, ɗaya tsoron ƙwallo take yi, ɗaya kuma ta zo ne don ƙawarta ta zo. Babbarsu Nevena, jikar wata tsohuwa Baba Tsonka, doguwa mai kunya wadda ke ba ƙwallo haƙuri in ta buge shi. Watan Agusta ya tafi lafiya, har sun koyi gudu ba tare da karo da juna ba.

Sai ga Satumba. Wata yamma Bistra ta buɗe ɗaki, ta jera ƙwallaye, ta jira. Babu kowa. Washegari yarinya ɗaya ta leƙo ta ce sayen murafun kwalba aka aike ta, ba za ta iya tsayawa ba. Bistra ta fito ƙofa ta shaƙi iska, sai a lokacin ta gane. Kowane tsakar gida hayaƙi yake yi, gari duk ƙamshin gasasshen tattasai. Shekara da shekaru tana birni tana shafa wa burodi lutenitsa, haɗin nan na gasasshen tattasai da tumatir da Ginka ke aiko mata a kwalba, har ta manta ba daga sama take faɗowa ba. Ta tsara komai, ta manta watan tattasai, kuma wai ita ce mai kukan an ce da ita 'yar Plovdiv.

Ta nufi gidan Baba Tsonka, don in Tsonka ta saki, saura za su saki. Ta tarar da buhunan tattasai jingine da bango har taga, tumatir a daro, Nevena a tsugune tana ɓare ƙonanniyar fata daga gasasshen tattasai, hannu baƙi ƙirin. Tsonka tana kan murhu, 'yar tsohuwa busasshiya wadda ta binne miji biyu, babu wanda ya taɓa cin ta da gardama a cikinsu.

Bistra ta gaishe ta, ta fara bayani kan lafiyar jiki da makomar yara da ɗakin da za a cika da taya. Tsonka ba ta ɗago ba.

"Ke 'yar Ginka, uwarki ta san wannan watan. Ke ce kika je birni kika ƙara tsawo kika manta."

"Baba Tsonka, ɗan lokaci kaɗan nake roƙo da yamma."

"Uwar yarinyar nan tana can Italiya tana wanke wata tsohuwar da ba ta haife ta ba. Motar da ke kai musu kaya can ƙarshen wata take tashi. In kwalabe ba su je ba, me za ta shafa a burodi ta tuna tana da gida? Ƙwallo?"

Bistra ta yi sallama ta fito. Ta je wurin Bay Trifon ko zai sa baki, ta same shi a bayan gida ɗaure da tsumman girkin matarsa yana juya tukunya. Ya ce ita ma ta gani da idonta, a watan nan shi ba magajin kowa ba ne.

Washegari ta koma gidan Tsonka, ba don tana da sabuwar magana ba. Tunda ba a zama a tsakar gidan mutum da hannu wofi, ta ja kujera 'yar tsuguno ta fara ɓarewa. Da ta miƙe don ta sassauta gwiwa, tsawo ya yi rana, ta hango ta kan katanga. A gidan Baba Stana, tsohuwa ɗaya da yarinya ɗaya gaban tulin tattasai. Gidan gaba ma haka. A zamanin Ginka dangi guda ake taruwa, surukai da 'ya'ya da maƙwabta, a gama na gida a yini ɗaya. Yanzu kowace tsohuwa tana jan nata ita da jika, aikin yini ya koma na makonni. Abin da ta saba gani a fili ne, 'yan wasa suna nan, tsayuwar ce ba daidai ba.

Sai ta kawo shawara. Dukan 'yan matan su faɗa wa gida ɗaya in an tashi makaranta, a gama nasa kaf, gobe a wuce na gaba. In an wanke hannu, sauran yammar nata ne. Tsonka ta juya maganar ta rasa inda take yoyo, sai ta kafa sharaɗi. Gidanta za a fara. Kuma kada a kawo mata wata tsohuwa tsakar gida, musamman Stana, wadda ke zuba karas a lutenitsa kamar mai girka wa zomaye. Da aka kai wa Stana labari ta ce ita ma ba ta son Tsonka ta ga hannunta, macen da ke cika yalo har abin ya koma kalar laka. Aka shirya a haka, yara su yi yawo, kowace tsohuwa ta tsaya kan tukunyarta da sirrinta.

Bistra ta raba aiki yadda take raba fili. Wasu a gashi, masu saurin hannu a ɓara, mai tsoron ƙwallo a injin niƙa, dogayen biyu a kan babban kasko da muciya, don lutenitsa in ta fara tafasa tofi take yi, mai gajeren hannu sai ya ƙone. In hannun mai juyi ya mutu, Bistra ta yi fito, a yi canji a guje. Dancho yana jigilar itace da murhun gashi, yana ɗanɗana na kowane gida, yana rantse wa kowace tsohuwa a asirce cewa nata ya fi. Sau ɗaya Bistra ta gwada sa yaran su riƙa jefa wa juna tumatir daga daro zuwa inji, wai motsa hannu ne. Tsonka ta ɗaga ludayi ta ce a gidanta ba a wasa da abinci, in an sake koci ma sai ta sha.

Na Tsonka ya ƙare rana tana sama. Tsohuwar ta tsaya tana kallon kwalabe jere ja wur a baranda, ta nemi abin kushewa ta rasa, sai ta juya kan Nevena ta ce me take jira, ba ta ji ana kiranta wajen ƙwallo ba?

Haka aka bi gari gida-gida. Yara suna zuwa ɗakin wasa suna ƙaurin hayaƙi, ƙwallaye suka yi baƙi-baƙi, amma damatsa sun yi ƙarfi, kuma waɗanda suka juya kasko ɗaya sun san lokacin miƙa wa juna abu ba sai an yi magana ba. Motar kaya ta tashi ƙarshen wata har tana nishi. Tsofaffin da suka wayi gari babu aiki a gabansu suka ƙwace jajayen rigunan 'yan wasa daga hannun Bistra, suka zauna a bencin bakin titi suka ɗinka sunan gari a ƙirjin kowace da farin zare, irin ɗinkin da ake yi wa kayan aure. Da aka kawo mata, ta shiga ɗaki da su ta rufe ƙofa. Dancho ya ce ya ji tana face hanci, ita ta ce mura ce.

Ana gobe wasa, don kada wata ta makara ko a aike ta, Bistra ta kwana da yaran duka a gidanta, da safe ta wuce da su ɗakin sauya kaya ta ƙofar baya. Nan ta sake yin kuskure irin na 'yan birni. Ai ba a barin ɗa ya fita zuwa babban abu, jarrabawa ko aure ko soja, ba a zuba masa ruwa a gaban ƙafa ba, don al'amarinsa ya tafi sumul kamar ruwan. Tsofaffi sun cika tukwanensu na tagulla tun da sassafe, ga ruwa, ga ƙofar gida, babu jikoki. Tunda ba a samu zubawa a gida ba, sai a bi su inda suke.

Ɗaki ya cika. Baƙi sun iso daga birni da jakunkuna iri ɗaya, alkalan wasa suna duba raga, Bay Trifon a sahun gaba, mai taya a gefensa yana auna bango da ido. Tsofaffi suka shigo da kayan coci, kowace da abu a ƙarƙashin mayafi, suka tuɓe takalma yadda doka ta ce, suka jeru a bakin ƙofar da 'yan wasa za su fito. Kowa ya ɗauka tafi za su yi.

Ƙofa ta buɗe, Nevena ta sako ƙafa, tukwane suka kife a lokaci ɗaya. Tsonka ma bokiti ta kawo, tunda jikarta ta fi girma. Ruwa ya malala a kan katakon nan mai sheƙi har tsakiyar fili. Nevena ta tafi da mazaunai kamar a kan ƙanƙara, ta biyun ta bi ta, ta ukun ta rungume ƙofa.

Bistra ce ta fito ƙarshe, ta ga aikin bazararta guda yana iyo. Babban alkalin wasa, wani mai furfura da tumbi, ya matso ya gaya mata a hankali cewa ba a wasa a jiƙaƙƙen fili. Doka ta ba masu gida ɗan lokaci su gyara, in ya wuce an ba baƙi wasa ba tare da an buga ba. Wasan da ba a buga ba kuwa ta san me yake nufi. Mai taya ya gyara zama.

Ihu ya taso mata tun daga ciki. Ta juya kan Tsonka, sai ta ga tsohuwar rungume da bokiti wofi, fuska a washe, 'yan haƙoran da suka rage mata duk a waje, tana kallon sunan da ta ɗinka a ƙirjin jikarta. Babu wanda ya taɓa ganin Tsonka a haka, har mazajenta biyu. Bistra ta haɗiye ihun.

"Baba Tsonka, mun gode, ruwa ya yi kyau. Yanzu a taimaka a goge."

Fuskar ta rufe nan take. Tsonka ta ce wane irin gogewa, ruwan sa'a da kansa yake bushewa, wanda ya goge shi ya goge sa'ar yara. Saura suka mara mata baya, wata ma ta sha gaban Dancho da ya taho da tsumma.

Bistra ba ta ja da al'ada ba, ta san wanda ya ja da waɗannan matan a nan zai kwana. Ta dai tambaya, wai ruwan don katako aka zuba ko don ƙafar yara? Aka ce don ƙafa. To in kowace ta taka ta wuce, ruwa bai gama aikinsa ba? Tsonka ta juya ta kalli Stana, matar da rabonta da neman shawararta tun suna 'yan mata. Stana ta ce uwarta takan share ƙofa da zarar mai tafiya ya sha kwana. Tsonka ta ce ba a yin komai daidai a gidan su Stana, amma wannan kam haka ne.

'Yan mata suka bi ta cikin ruwa a jere, riƙe da hannun juna. Ta ƙarshe na wucewa Bistra ta sa yatsu a baki ta yi fito. Ta jera tsofaffi daga bango zuwa bango, masu sauran gwiwa a gaba suna turawa, na baya suna tsanewa, yara suna matsewa a bokiti suna gudu da shi waje. Ɗankwalaye suka sauka daga kai, furfurar da coci kansa bai taɓa gani ba ta fito fili. Dancho ya tuɓe riga. Bay Trifon bai san lokacin da kwat ta bar kafaɗarsa ba. 'Yan matan birni suka kalli kocinsu, suka kalli juna, suka zaro tawul daga kyawawan jakunkunan nan suka shigo.

Mai taya ya taso ya tuna wa alkali cewa lokaci yana tafiya. Alkalin ya nisantar da agogonsa ya kalla, ya matso da shi ya kalla, ya ce ya baro tabarau a gida. Sannan ya ce wa Bistra ƙasa-ƙasa, "Tawa uwar ma ta jiƙa mini takalmi ranar da na fara busa usur. Ku tsane wajen ƙofar nan sosai, koci."

Ya zagaya fili yana murza tafin takalmi, ya ji yana ƙara, ya busa.

An lallasa su. Ba sai an ɓoye ba, 'yan birni sun yi musu cin kaca har mai rubuta maki ya gaji. Da farko duk ƙwallon da ya shiga kwando tsofaffi tafi suke yi, sai da Dancho ya bi su ɗaya-ɗaya ya nuna musu wanne ne namu. Daga nan Tsonka ta kama alkali da baki, ta ce makaho ne, shi da kansa ya faɗa. Ana dab da hutun rabin lokaci ƙwallo ya bugi ƙarfe ya dawo, Nevena ta miƙe iyakar tsawonta, ta raba 'yan birni biyu da kafaɗa, ta mayar da shi ciki. Ihun da aka yi sai da tagogi suka amsa. Bistra ba ta yi tafi ba, tana bakin layi tana balbale wadda ba ta koma tsaro ba.

Da aka tashi, Bay Trifon ya miƙa mata mabuɗi a gaban jama'a, yana rawar ɗari babu kwat. Baƙi suka hau motarsu kowace da kwalba biyu, mai karas da mai yalo, da umarnin su dawo da hukunci. Mai taya ma an ba shi, don ba a barin mutum ya bar gari hannu wofi ko da wane nufi ya zo. A bakin ƙofa Tsonka, kai babu ɗankwali, ta riƙo hannun rigar Bistra ta sanar da ita cewa Nuwamba watan tsuma kabeji a ganguna ne, gangunanta manya ne, kuma gidanta za a fara.

Shekaru sun ja tun daga nan. Ƙungiyar Lipovo ba ta taɓa ɗaukar kofi ba, ta dai taɓa zuwa ta uku a yanki, aka rufe titi ana rawa. Nevena ta buga a Sofia, ta dawo da miji da ɗa, ita ke gudu da yara yanzu, Bistra tana zaune a kujera ta miƙe gwiwa tana kushe mata. Tsonka ta rasu ta haura casa'in, 'yan wasa ne suka ɗauki furanninta. Ruwa kuwa yanzu a matakalar waje ake zuba shi, Dancho yana tsaye a ƙofa yana leƙa ƙarƙashin mayafai.

Katakon bakin ƙofa dai bai yafe ba. Inda bokitin Tsonka ya sauka ya kumbura ya yi ɗan tudu, ƙwallon da ya faɗa wurin gefe yake tashi, hagu, kullum hagu. Yaran Lipovo sun san wurin tun ranar farko, baƙi kuwa sai sun yi asarar ƙwallo biyu uku kafin su gane. Masu duba fili daga birni sun sha cewa a gyara. Bistra takan saurare su da ladabi, ta ce lallai, abin yana ranta, da zarar an samu sarari. In sun tafi ta kira sabbin yara ta nuna musu yadda ake matsa baƙuwa zuwa wannan kusurwa.